Da Wane Mudu Ake Auna Daraktan Wasanni a Jami'o'in Amurka?

A watan Nuwamba na 2023, jami'ar Texas A&M ta kori kocin ƙungiyarta ta zari-ruga irin ta Amurka, Jimbo Fisher, ta kuma ɗauki nauyin biyansa sama da dala miliyan 75, wato ragowar kuɗin kwantiraginsa, ya tafi gida ya huta. Wanda ya tsaya gaban 'yan jarida ya yi bayanin korar shi ne daraktan wasannin jami'ar, Ross Bjork, wanda a zamaninsa ne aka ƙara wa kocin shekaru da albashi a 2021. Duk mai kallo daga nesa zai ɗauka cewa kashin wannan darakta ya bushe. Wata biyu kacal bayan haka, jami'ar Ohio State, ɗaya daga cikin manyan gidajen wasanni a ƙasar, ta ɗauke shi aiki a kan irin wannan muƙami.

To, ya yi aikinsa da kyau ke nan, ko kuwa ya yi ɓarna? Masu ɗaukarsa sun duba kuɗin da ya tara wa jami'a da gine-ginen da aka yi. Masu sukarsa sun duba asarar da aka tafka. Kowa da mudun da ya ɗauko. Wannan gardama ta girmi Bjork da kakansa, domin sama da shekara 130 ke nan jami'o'in Amurka suna canza mudun awon wannan kujera, kuma kowane sabon mudu yana zuwa ne bayan tsohon ya ba su kunya.

Wace kujera ce wannan?

A mafi yawan ƙasashen duniya, wasanni a jami'a abin motsa jiki ne da nishaɗi. A Amurka kuwa babbar harka ce. Akwai jami'o'in da filin wasansu ke ɗaukar mutum sama da 100,000, kuma kasafin kuɗin sashen wasanni kaɗai ya haura dala miliyan 200 a shekara. Ta wannan ƙofa ce matasa da yawa ke samun tallafin karatu, har da 'yan Afirka irin su Hakeem Olajuwon, wanda ya tashi daga Legas ya shiga jami'ar Houston yana buga ƙwallon kwando a farkon shekarun 1980.

Daraktan wasanni shi ne shugaban wannan sashe. Shi ke ɗaukar koci, shi ke korarsa. Shi ke tsara kasafi, ya nemo masu ba da gudummawa, ya kula da gine-gine, ya tabbatar ana bin dokokin hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA. A ƙarƙashinsa akwai ɗaruruwan ɗalibai, yawancinsu 'yan shekara 18 zuwa 23, waɗanda iyayensu suka damƙa wa jami'a amanarsu. Ba ya buga wasa, ba ya horarwa, ba ya koyarwa a aji, amma sakamakon duka ukun a wuyansa yake rataye. Wahalar auna shi daga nan ta samo asali.

Mudun farko: cin wasa

A tsakiyar ƙarni na 19 ɗalibai ne da kansu ke gudanar da wasanninsu. Su ke zaɓen kyaftin, su ke tara kuɗin tafiya. Da 'yan kallo suka fara yawa, kuɗin tikiti ya fara kauri, sai hukumomin jami'a suka sa hannu.

A 1892, shugaban sabuwar jami'ar Shikago, William Rainey Harper, ya ɗauko Amos Alonzo Stagg, tsohon ɗan wasan jami'ar Yale, ya ba shi matsayin malami, ya naɗa shi shugaban sashen motsa jiki da wasanni. Manufar Harper a fili take: jami'ar sabuwa ce, tana da kuɗin attajiri Rockefeller amma ba ta da suna, kuma ƙungiyar da ke cin wasa za ta sa sunanta a jaridu kowane mako. Stagg ya haɗa koci da darakta a jikin mutum ɗaya, don haka auna shi bai da wuya: a ƙirga wasannin da ya ci. Ya ci kofin rukunin jami'o'in da yanzu ake kira Big Ten har sau 7, ya riƙe ƙungiyar shekara 41.

Sai dai wannan mudu ba ya ƙirga gawa. A kakar wasan 1905 jaridu sun ba da rahoton mutuwar 'yan wasa aƙalla 18 a filayen zari-ruga na makarantu da jami'o'i. A wancan lokaci babu hular kwano mai ƙarfi, kuma dabarar wasan ita ce a dunƙule a afka wa mutum ɗaya. Shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa a watan Oktoba na shekarar, ya nemi a gyara. A 1906 jami'o'i suka kafa ƙungiyar da a 1910 ta ɗauki sunan NCAA. Asalin kafa ta, ke nan, kare rayukan ɗalibai ne daga mutanen da ake yabo saboda cin wasa.

A watan Oktoba na 1929, a makon da kasuwar hannun jari ta New York ta rushe, Gidauniyar Carnegie ta fitar da rahoton bincike a kan wasannin jami'o'i, bayan ziyartar makarantu sama da 100. Rahoton ya gano cewa mafi yawansu suna zawarcin 'yan wasa da kuɗi ko ayyukan bogi a ɓoye, alhali a baki suna cewa wasan na masu sha'awa ne. An yi ta surutu na ɗan lokaci, sannan aka ci gaba da gashi.

Jami'a guda ce daga cikin manyan ta ɗauki matakin da ya girgiza kowa, kuma ita ce wadda ta fara kafa kujerar. Bayan Stagg ya tafi, Shikago ta tsaurara sharuɗɗan karatu, ƙungiyar ta yi ta shan kashi, har jami'ar Mishigan ta lallasa ta da ci 85 da nema a 1939. A ƙarshen shekarar shugaban jami'ar, Robert Maynard Hutchins, ya soke zari-ruga baki ɗaya. A ganinsa babu yadda za a ci wasa a wannan mataki ba tare da ha'inci ba, kuma jami'a ba gidan nishaɗi ba ce. A ƙarƙashin kujerun filin da aka bari, wanda ke ɗauke da sunan Stagg, Enrico Fermi da abokan aikinsa suka tayar da tukunyar nukiliya ta farko a duniya ranar 2 ga Disamba, 1942.

Mudu na biyu: cika fili da cika asusu

Sauran jami'o'i ba su bi Hutchins ba. Suka ci gaba da gina manyan filaye, kuma babban fili yana buƙatar wanda zai cika shi. Shekaru da dama al'adar ita ce idan koci ya tsufa sai a ba shi kujerar darakta a matsayin ladan gajiya. Wanda ya sauya wannan hoto shi ne Don Canham na jami'ar Mishigan.

Canham kocin guje-guje ne, amma yana da kamfaninsa na sayar da kayan wasanni, ya san kan kasuwa. Da ya karɓi kujerar a 1968, filin Mishigan mai ɗaukar mutum 100,000 yana da dubban kujerun da ba kowa a kansu. Ya ɗauko wani koci da ba a san shi sosai ba, Bo Schembechler. Ya riƙa aika takardun talla gida-gida ta gidan waya. Ya mayar da ranar wasa ranar fitar iyali, a zo da abinci a ci a bakin fili. Ya fara karɓar kuɗi daga masu buga tambarin jami'ar a riguna da kofuna. Daga ƙarshen 1975 aka shiga jerin wasannin gida da kowannensu ya tara mutum sama da 100,000, aka shafe shekaru da dama a haka. Daraktoci daga ko'ina suka riƙa zuwa ɗaukar darasi wurinsa. Da ya yi ritaya a 1988, kusan kowa ya yarda cewa shi ne gwanin zamaninsa, har aka sa wa wurin ninƙayar jami'ar sunansa. A riƙe wannan suna, za mu dawo kansa.

A 1984 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da jami'o'in Oklahoma da Georgia suka shigar, ta karya ikon NCAA na sayar da haƙƙin nuna zari-ruga a talabijin ita kaɗai. Daga nan kuɗin talabijin ya kwararo. Kujerar darakta ta fara komawa hannun lauyoyi da masu digirin kasuwanci, aka koma auna su da ribar shekara da girman ginin da suka ɗaga.

Mudu na uku: su wa aka bari a waje?

Ranar 23 ga Yuni, 1972, Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar da ake kira Title IX, wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Dokar ba ta ambaci wasanni ba, amma a nan tasirinta ya fi fitowa. Kafin ita, matan da ke buga wa jami'o'i wasa ba su kai 30,000 ba a faɗin ƙasar. Yau sun haura 200,000.

Manyan daraktocin lokacin da yawa sun yaƙi dokar, kuma Canham na cikin fitattunsu. Hujjarsu ita ce zari-ruga ke kawo kuɗin, raba shi da wasannin mata zai rusa sashen. Sashen bai rushe ba. Abin lura shi ne, a mudun kuɗi da cika fili, darakta zai iya samun cikakken maki alhali rabin ɗaliban jami'arsa ba su da ƙungiya ko ɗakin canza kaya. Babu wanda ya ga wannan giɓi a lissafi sai da doka ta tilasta a ƙirga shi.

Mudu na huɗu: tsabtar hannu

A shekarun 1980 jami'ar SMU da ke Dallas ta zama zakara a zari-ruga. Daga baya aka gano cewa attajiran magoya baya ne ke biyan 'yan wasa albashi daga wani asusun ɓoye, kuma an ci gaba da biya ko bayan NCAA ta hukunta jami'ar. A watan Fabrairu na 1987 hukumar ta soke kakar wasanta gaba ɗaya, jami'ar da kanta ta ƙara da ta 1988 saboda ba ta da 'yan wasa. Daraktan wasanni Bob Hitch da koci da shugaban jami'a duk sun bar kujerunsu. Sannan gwamnan jihar Teksas, Bill Clements, ya fito ya amsa cewa lokacin da yake shugabantar majalisar gudanarwar jami'ar ya amince a ci gaba da biyan kuɗin.

Wannan labari ya ƙara wa awon wani ƙulli. Darakta yana ƙarƙashin shugaban jami'a da majalisar gudanarwa, yana kuma roƙon kuɗi a hannun attajirai, sau da yawa kocin da ke ƙarƙashinsa ya ninka shi albashi da farin jini. Kafin a yanke masa hukunci sai a tambaya: wane iko yake da shi na gaske, kuma da ya ga ɓarna ya ce a'a, ko ya sunkuyar da kai?

Zamanin alƙaluma

Daga shekarun 1990 aka yi ƙoƙarin mayar da awon lissafi. A kakar 1993 zuwa 1994 ƙungiyar daraktocin wasanni ta ƙirƙiro Kofin Daraktoci, inda ake tara maki daga wasanni iri-iri na maza da mata, don kada zari-ruga kaɗai ta zama alƙali. Jami'ar Karolina ta Arewa ce ta ci na farko, sannan Stanford ta ci sau 25 a jere. A 2004 kuma NCAA ta kawo ma'aunin ci gaban karatu: kowane ɗan wasa mai tallafi yana samar wa ƙungiyarsa maki ɗaya idan ya ci gaba da zama a jami'a, da wani ɗaya idan sakamakonsa ya isa ya buga wasa. Ƙungiyar da ta gaza maki 930 cikin 1,000 tana fuskantar hukunci. Da wannan ma'auni aka hana ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta jami'ar Connecticut shiga gasar ƙasa ta 2013.

Ni sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, kuma a fagenmu mun san abin da ke faruwa idan aka ce za a auna ma'aikaci da yawan layukan da ya rubuta: layuka za su yawaita, manhaja ta lalace. Masanin tattalin arzikin Birtaniya Charles Goodhart ya yi nuni da haka tun 1975, cewa da zarar an mayar da ma'auni abin da ake hari, sai ya daina faɗin gaskiya.

Jami'ar Karolina ta Arewa ta ba da misalin. Wani bincike da aka fitar a watan Oktoba na 2014 ya gano cewa daga 1993 zuwa 2011 an gudanar da darussan bogi a wani sashe na jami'ar, babu shiga aji, sai dai a miƙa takarda ɗaya a karɓi maki mai kyau. Ɗalibai kimanin 3,100 suka bi ta cikinsu, kusan rabinsu 'yan wasa, kuma masu ba 'yan wasa shawarar karatu suna tura su can don kada makinsu ya faɗi. A kan takarda komai lafiya. A 2017 NCAA ta ce ba za ta iya hukunta jami'ar a kan darussan ba, tunda an buɗe su ga kowane ɗalibi.

Ko Kofin Daraktoci yana da makantarsa, domin jami'ar da ke da kuɗin riƙe ƙungiyoyi masu yawa ita ke tara maki. A watan Yuli na 2020, Stanford mai kofi 25 ta sanar da cewa za ta soke 11 daga cikin wasanninta 36 saboda ƙarancin kuɗi. Sai da ɗalibai da tsofaffin 'yan wasa suka tara kuɗi suka kuma garzaya kotu, aka janye shawarar a watan Mayu na 2021.

Hatta ɗaukar koci, wanda magoya baya suka fi auna darakta da shi, akwai sa'a a ciki. Jeremy Foley, wanda ya riƙe kujerar jami'ar Florida daga 1992 zuwa 2016, shi ya ɗauko Billy Donovan da Urban Meyer, kowannensu ya ciyo kofin ƙasa sau biyu. Shi ne kuma ya ɗauko Ron Zook a 2002 ya kore shi a 2004. Wanda ya auna Foley a 2004 da wanda ya auna shi a 2008 kamar ba mutum ɗaya suka gani ba.

Abin da babu mudun da ya kama

Jami'ar Penn State ta daɗe tana alfahari da cewa 'yan wasanta suna kammala karatu, tana cin wasa, asusunta a cike, kuma NCAA ba ta taɓa kama ta da babban laifi ba. Duk ma'aunin da muka lissafa a sama, daraktanta Tim Curley, wanda ya hau kujerar a 1993, ya cika shi. A 2011 aka kama tsohon mataimakin koci Jerry Sandusky da laifin lalata da yara maza. Aka gano cewa tun 2001 an kawo wa Curley rahoton abin da wani ma'aikaci ya gani a banɗakin 'yan wasa, amma ba a sanar da hukuma ba. A 2017 Curley ya amsa laifin jefa yara cikin haɗari, aka ɗaure shi.

Yanzu mu koma Mishigan. A 2020 labari ya fito cewa wani likitan jami'ar, Robert Anderson, wanda ya yi aiki daga 1966 zuwa 2003 kuma ya daɗe yana duba 'yan wasa, ya ci zarafin ɗalibai da sunan gwajin lafiya. Binciken da jami'ar ta sa wani kamfanin lauyoyi ya yi, wanda ya fito a 2021, ya nuna cewa ƙorafi ya isa kunnen jami'ai, har da na sashen wasanni, tun shekarun 1970, ba a ɗauki mataki ba. A watan Janairu na 2022 jami'ar ta amince ta biya dala miliyan 490 ga mutum sama da 1,000. Canham ya rasu tun 2005, bai samu damar kare kansa ba, kuma ba a taɓa gurfanar da shi ba. Abin da ba a gardama a kai shi ne, shekarun da ake cika fili da mutum 100,000 ana jinjina wa sashen, su ne shekarun da ɗalibai ke shiga ɗakin wannan likita. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ramin ya ɗauki shekara hamsin kafin a kai ƙarshensa.

To, yaya za a auna?

Tarihin nan bai ce a watsar da alƙaluma ba. Cin wasa da kuɗi da sakamakon karatu da daidaito tsakanin maza da mata duk abubuwa ne na gaske, kuma daraktan da ya gaza a cikinsu ya gaza. Abin da ya nuna shi ne kowanne yana da lokacin nunarsa. Sakamakon wasa yana fitowa ranar Asabar. Na kuɗi yana fitowa ƙarshen shekara, amma bashin gini da kwantiragin koci sukan faɗo kan magaji. Na karatu sai bayan shekaru, idan aka ga abin da ɗalibin ya zama. Na amana kuwa yakan jira har darakta ya bar duniya. Masu yanke hukunci suna sauraren wanda ya fi sauri da ƙara, shi ya sa ake ta maimaita kuskure.

Saboda haka mai son yin adalci sai ya ƙara da tambayoyin da ba sa bayyana a allon sakamako. Idan ɗalibi yana da ƙorafi a kan koci ko likita, ina zai kai shi ba tare da ya bi ta hannun wanda ke riƙe da tallafin karatunsa ba? Likitan ƙungiya zai iya hana gwarzon ɗan wasa shiga fili koci bai taka shi ba? Waɗanne darussa 'yan wasa ke ɗauka, kuma wa ya zaɓa musu? Nawa ne bashin da za a bar wa na gaba? An taɓa ganin ranar da daraktan ya ƙi buƙatar koci mai cin wasa ko attajiri mai ba da kuɗi? Amsoshin suna hannun ɗaliban da suka gama, da masu jinya, da ƙananan ma'aikata, waɗanda ba kasafai kwamitin tantancewa ke kiran su ba.

Mudun kuma yana sake canzawa a idonmu. Tun watan Yuli na 2021 aka ba 'yan wasa damar karɓar kuɗin talla da sunansu. A watan Yuni na 2025 wata alƙaliyar tarayya, Claudia Wilken, ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 kowace jami'a a shekarar farko. Laifin da ya jawo wa SMU rufe ƙungiya a 1987 ya zama layi a cikin kasafin kuɗi, kuma yanzu ana yaba wa darakta idan ya iya tara kuɗin biyan. Yadda zai raba su tsakanin zari-ruga da sauran wasanni, da tsakanin maza da mata, shi ne sabon abin da za a fara ƙirgawa. Idan shekarun baya abin dubawa ne, akwai wani ɗalibi yau a ɗaya daga cikin waɗannan jami'o'i da ke ɗauke da labarin da ba ya cikin lissafin kowa, kuma aikin mai auna darakta ya haɗa da neman wannan ɗalibi tun yana makaranta.